Daga Bututun Garmaho Zuwa Miksa: Tarihin Haɗa Sauti Da Yawa A Sifika Ɗaya

Yau darasin namu zai ɗan sha bamban, domin tarihi za mu taɓa, amma wanda ya bi mu har ƙarshe zai tsira da ramin iyafis na wayarsa.

Wani ɗalibi da ke karatu a jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero ne ya kawo matsalar. Yana da sifikun kwamfuta guda biyu a ɗakinsa, masu kebul ɗaya tak na shigar sauti. Yana son laftof ɗinsa da wayarsa su riƙa fita ta cikinsu lokaci guda, ba sai ya yi ta cire wannan yana sa wancan ba. Sai ya je kasuwa a Jega ya sayo kebul ɗin nan mai kai biyu, wanda ake raba iyafis da shi, ya juya shi baibai, ya haɗa laftof da waya a sifika ɗaya. Sautin ya ragu, ya riƙa tsagewa, idan ya ƙara muryar wayar sai ta laftof ta shaƙe. Tambayarsa ita ce, "Wai mi ya sa wanga abu bai yi ba, alhali kawunan duk sun shiga daidai?"

Gajeriyar amsa: an ƙera kebul ɗin don raba sauti ɗaya zuwa wuri biyu, ba a yi shi don haɗa biyu su zama ɗaya ba. Doguwar amsar kuwa ta ɗauki injiniyoyi shekaru da dama kafin su daidaita ta.

A 1877 Thomas Edison ya ƙera na'urar farko mai ɗaukar murya ta maimaita ta. Daga nan har zuwa 1925, kusan duk faifan garmaho da aka yi a duniya babu makirufo a aikinsa. Wani ƙaton bututu ne mai faɗin baki, a ƙarshensa akwai allura da ke zana sautin a jikin kakin zuma. Mawaƙi da makaɗa duk su taru a gaban bututun. Wanda ake so a ji shi sosai a matso da shi, mai ganga mai ƙara a tura shi can bayan ɗaki. Idan mawaƙiya za ta ɗaga murya, sai ta ja da baya da kanta, ko wani ya janye ta. Wato ƙafa ita ce maɓallin ƙara murya, iskar ɗakin kuma ita ke haɗa sautukan.

Wannan dabarar mu ba baƙuwarmu ba ce. Duk wanda ya taɓa tsayawa a gaban makaɗan fada ko na maza ya ga yadda suke jeruwa: uban waƙa a gaba, 'yan amshi a bayansa, masu kalangu ko kotso suna sassauta hannu idan zai jefa magana, su kuma saki idan amshi ya zo. Sanƙira ya san daidai inda zai kutsa da kirari ba tare da ya danne waƙar ba. Ka nemi tsofaffin kaset na Mamman Shata ko Musa Ɗanƙwairo, ko na Gambo na Fagada da ke nan ƙasar Maiyama, ka saurara da kyau. Da yawa daga cikin irin waɗannan waƙoƙin a fili aka ɗauke su, da na'ura guda, kuma kunnenka zai iya gaya maka wa ke kusa da ita, wa ke nesa. Ni a ganina waɗannan mutanen sun san aikin miksa tun kafin su ga miksa, sai dai da jiki suke yin sa.

A 1925 kamfanonin faifai na Amurka, Victor da Columbia, suka koma ɗaukar sauti da makirufo da amfilifaya, da fasahar kamfanin Western Electric. Da zarar murya ta zama wutar lantarki mai gudu a cikin kebul, sai sabuwar tambaya ta taso, irin ta ɗalibinmu sak: ga makirufo biyu ko uku, ga injin yanka faifai ɗaya, yaya za a haɗa su? Gidajen rediyo ma suna fama da ita, ga mai gabatarwa, ga faifai, ga layin tarho daga wani gari. Masu fim mai magana, wanda ya kankama daga 1927, su ma haka. A nan aka haifi teburin da ke da ƙofofin shiga da yawa, kowace ƙofa da abin murɗawarta, da ƙofar fita guda. Shi ne miksa.

Mu a Arewa, abin ya fara zuwa mana ne ta bayan gida, wato sauti ɗaya zuwa sifika da yawa. Turawan mulki sun fara rediyon kebul a Legas a tsakiyar shekarun 1930, aka buɗe na Kano a 1944, daga baya wasu biranen irin su Kaduna da Zariya da Jos suka samu. Ba rediyo ba ne irin wanda ka sani. Tasha ɗaya ce a gari ke kamo shirye-shiryen BBC, ta ƙara da nata na gida, ta tura su ta igiyar waya zuwa akwatunan da aka kafa a gidajen masu biyan kuɗin wata, da lasifikoki a wuraren taruwar jama'a. Mai akwati ba shi da ikon canza tasha, iyakarsa ya ƙara ko ya rage ko ya kashe. Duk zaɓin yana hannun mutum ɗaya da ke zaune a tashar, shi ke rufe ƙofar Landan ya buɗe ta makirufon gida, ko ya sa faifai. Da aka fara sashen Hausa na BBC ranar 13 ga Maris 1957, aka kuma buɗe gidan rediyon Kaduna a 1962, wannan kujerar ta mai murɗa maɓallai ta zama sana'a sosai. Dabarar nan da kake ji a shirin zaɓi-sonka, inda waƙa ke yin ƙasa idan mai gabatarwa ya fara gaisuwa, ta dawo idan ya yi shiru, hannun wannan mutumin ne. Yau wayarka na yin haka da kanta idan saƙo ya shigo kana jin karatu.

To yanzu mu tsaya a kan ainihin matsalar, don nan ne ɗalibinmu ya faɗa.

Kowace na'urar sauti tana da ƙofar fita da ƙofar shiga, kuma halinsu ba ɗaya ba ne. Ƙofar fita, kamar ramin iyafis na waya, an yi ta ne ta tura wuta da ƙarfi, tirjiyarta kaɗan ce ƙwarai, 'yan om ƙalilan. Ƙofar shiga ta sifikun kwamfuta kuwa tirjiyarta babba ce, wajen om dubu goma ko fiye, don haka ɗan kaɗan take sha. Shi ya sa ƙofar fita ɗaya za ta iya ciyar da ƙofofin shiga biyu ba matsala, aikin da kebul mai kai biyu ke yi ke nan. Amma idan ka haɗa ƙofofin fita biyu kai da kai fa? Mutanen Aliero manoman albasa ne, sun san injin ban-ruwa. Ka ɗauko inji biyu ka haɗa bakinsu a tiyo ɗaya ba tare da komai a tsakani ba. Wanda ya fi ƙarfi zai riƙa tura ruwa cikin ɗan uwansa, dukansu su wahala, abin da ke isa fadamar bai kai yadda ka zata ba. Haka waya da laftof suke yi. A daidai lokacin da ɗaya ke tura wutar sama, ɗayan na iya jan ta ƙasa, kowanne na ganin ɗan uwansa kamar gajeren layi. Sakamakon shi ne sauti mai rauni da tsagewa, da ɗumamar ɗan amfilifayan da ke ciki. Gaskiya ba kullum yake ƙonewa ba, na'urorin yanzu da yawa suna da kariya. Amma wanda ya taɓa kai laftof gyaran sauti ya san ba caca ce mai daɗi ba.

Maganin da injiniyoyin farko suka samo mai sauƙi ne har ya ba ka dariya. A sa rasista a bakin kowace ƙofar fita kafin a haɗa su. Rasistan na hana su ture juna, kowanne ya zuba nasa a mahaɗa cikin lumana. Kuɗin da ake biya shi ne ƙarfin sauti, idan na'ura biyu ne kowacce na rasa kusan rabin ƙarfinta, sai a sa amfilifaya a gaba ya mayar da abin da aka rasa. Rasista, abin murɗawa, amfilifaya: cikin kowane miksa na analog, daga na ɗakin watsa labarai har na mai DJ a gidan biki, abin da ke ciki ke nan, sauran duk ƙari ne.

Ƙarin dai ya yi yawa a shekarun da suka biyo. Tun 1931 wani injiniyan Ingila, Alan Blumlein, ya yi rajistar fasahar sitiriyo, hagu da dama, abin da ya sa yau idan za ka yi waccan dabarar sai ka nemi rasista huɗu maimakon biyu. A 1961 Rupert Neve ya kafa kamfaninsa a Ingila, ya shiga ƙera teburan da suka bar kwalaben bawul suka koma taransista. Irin waɗannan teburan sai manyan kamfanoni da gidajen rediyon gwamnati. Abin ya fara saukowa hannun talaka ne a 1979, da kamfanin TEAC na Japan ya fito da Portastudio, ƙaramin miksa haɗe da rikoda mai ɗaukar layi huɗu a kan kaset na yau da kullum, kaset ɗin da Philips ya ƙirƙiro a 1963. Daga farkon shekarun 1990 kamfanin Mackie na Amurka da Behringer na Jamus suka cika kasuwa da ƙananan miksa masu araha.

Amma fa miksa na farko da yawancinmu muka fara gani, ba mu ma san sunansa ke nan ba. Amfilifayan masallaci ne. Ka leƙa kusa da mumbari a Aliero ko Jega ko Maiyama, da wuya ka rasa akwatin nan na Ahuja, kamfanin Indiya, ko TOA na Japan. Dubi gabansa: makirufo na ɗaya da maɓallinsa, na biyu da nasa, wani lokaci har na huɗu, ga wata ƙofa da aka rubuta AUX don rikoda ko waya, sannan babban maɓalli da ke riƙe da su duka. Lokacin tafsirin azumi, alaramma mai jan baƙi na da makirufonsa, malam mai fassara na da nasa, kuma dukansu ta lasifika ɗaya suke fita. Yaron da ke zaune gefe yana rage wannan yana ƙara wancan, injiniyan sauti ne ko bai sani ba. Da yawan waɗannan akwatunan suna aiki da batirin mota, shi ya sa suka shiga ƙauyukan da wuta ba ta kai ba, suka hau motocin masu tallar magani da na 'yan siyasa.

A Kano kuma labarin ya bi ta masana'antar fim. An yi Turmin Danya a 1990, amma abin da ya canza kiɗan fina-finan Hausa shi ne shigowar fiyanon Yamaha samfurin PSR a ɗakunan kiɗa cikin shekarun 1990. Fim ɗin Sangaya na 1999 ya nuna wa kowa kasuwar da ke cikin irin wannan kiɗa. Shi fiyanon kansa miksa ne a ɓoye, ganga da sarewa da garaya na kwaikwayo duk a cikinsa suke haɗuwa su fito ta ƙofa ɗaya, sannan a ɗora muryar namiji da ta mace a kai. Mutum ɗaya ya maye gurbin tawagar makaɗa. Akwai masu ganin an yi asara a nan, kuma ban ce ba su da hujja ba, domin tattaunawar da ke tsakanin mawaƙi da mai kalangu a fili, na'ura ba ta iya ta. Daga baya ɗakunan kiɗa na Zoo Road suka koma kwamfuta da manhajoji irin su Cubase da FL Studio, teburin maɓallai ya koma hoto a allo.

Ita kwamfutar ma ba da baki aka haife ta ba. IBM PC na 1981 ƙara ɗaya ya iya, "fit", kamar agogon hannu. A 1989 kamfanin Creative na Singafo ya fito da katin sauti na Sound Blaster, sannan samfurin Pro na 1991 ya zo da ɗan miksa a jikin katin. Waɗanda suka taɓa buɗe tsohuwar kwamfutar tebur za su tuna wani siririn kebul da ke tashi daga injin CD zuwa katin sauti. Waƙar faifan ta nan take bi, ta haɗu da sauran sautuka a cikin katin. Idan ka buɗe wurin daidaita murya a Windows 95, za ka ga sanduna a jere, ta CD daban, ta makirufo daban, ta layin shiga daban, hoton teburin rediyo ne aka kwaikwayo. Duk da haka, a wancan zamanin sau da yawa manhaja biyu ba sa iya yin sauti tare, ɗaya sai ta jira ɗaya. Daga Windows 98 da 2000 ne tsarin ya fara haɗa su da lissafi, wato ya tara lambobin sautin wannan da na wancan kafin ya miƙa wa katin. Windows Vista na 2007 ya ba kowace manhaja sandar muryarta, abin da muke amfani da shi har yau. Launukan ramukan bayan kwamfuta ma a ƙarshen shekarun 1990 aka tsayar da su: kore na fita zuwa sifika, ruwan hoda na makirufo, shuɗi na shigar sauti daga wata na'ura. Wannan shuɗin ramin, wanda yawancin mutane ba su taɓa sa masa komai ba, an yi shi ne musamman don matsalar ɗalibinmu.

Lokacin da aka kafa jami'ar Aliero a 2006, shekara biyar ke nan da shigowar wayar GSM Najeriya. Ɗaliban farko da rediyo ko rikoda ɗaya suka zo, ba su da wannan damuwar. Na yanzu yana da waya, da laftof, wani har da dikoda ko na'urar wasa, sifika kuma ɗaya, soket ɗaya, wuta kuma sai an lallaɓa. Na'urori sun ƙaru, ƙofofi sun ragu. Laftof na yanzu rami ɗaya gare shi na iyafis da makirufo a haɗe, shuɗin ya ɓace, wayoyi da yawa ma sun jefar da ramin gaba ɗaya tun bayan da Apple ya cire shi a iPhone 7 a 2016.

To me ɗalibinmu zai yi? Ya fara da tambayar kansa: tare yake son jin su, ko ɗaya bayan ɗaya? Idan bi da bi ne, ba ya buƙatar miksa, ɗan akwatin sauya layi ya isa, kuma shi ne abin da maɓallin hom tiyata ke yi idan ka matsa daga AUX zuwa Bluetooth zuwa FM. Zaɓa yake yi, ba ya haɗawa. Sifikun Bluetooth masu karɓar waya biyu ma yawanci haka suke, ɗaya ta yi shiru ɗaya ta yi magana. Wasu sifikun kwamfuta masu ƙofa biyu a baya suna haɗawa da kansu, gwaji ne zai nuna maka: sa na'ura biyu, kunna su tare, ka ji.

Idan kwamfutar tebur gare shi, ya sa wayar a shuɗin rami, ya shiga saitin sauti, ɓangaren ɗauka, ya buɗe Line In ya kunna zaɓin "Listen to this device", wanda ke nan tun Windows 7. Kwamfutar ta zama miksa, sai dai dole ta kasance a kunne, kuma akwai ɗan jinkiri kaɗan. Mai laftof kada ya cusa waya a ramin makirufo, domin makirufo 'yan milibolt yake bayarwa, waya kuwa na iya ba da ninkin haka sau ɗari, sautin zai fashe, kuma ramin ba sitiriyo ba ne. Hanyarsa ita ce Bluetooth: tun sabuntawar Windows 10 ta watan Mayun 2020, laftof na iya karɓar sautin waya, da taimakon wata ƙaramar manhaja daga shagon Microsoft.

Wanda ke son abin da ba ruwansa da kunna kwamfuta, ya nemi ƙaramin miksa mai ƙofa huɗu, akwai masu aiki da cajar USB, har fawa bank na ɗaukar su. Ya tabbatar ƙofofin na sitiriyo ne, don da yawa daga masu arahar nan na makirufo ne ko na layi ɗaya. Idan kuma aljihu ya yi nauyin tashi, ya koma dabarar shekarun 1920: ya kai kebul ɗinsa wurin mai gyaran rediyo, a yanka shi, a sa rasista huɗu masu om 1,000 zuwa 4,700, duk iri ɗaya, ɗaya a layin hagu ɗaya a layin dama na kowace na'ura, a haɗa hagu da hagu, dama da dama, layin ƙasa kuma a haɗa shi kai tsaye, a liƙe da dalma. Murya za ta ɗan ragu, sai ya ƙara daga sifika.

Abu biyu zai kiyaye. Kada ya taɓa ɗauko sauti daga bayan amfilifaya, inda ake ɗaura lasifika, ya kai shi cikin miksa ko sifikun kwamfuta. Irin na masallaci akwai inda aka rubuta 70V da 100V, wannan zai kashe na'ura nan take. Na biyu, idan ya gama haɗawa ya ji wani ƙugi ko tsiwa a ƙarƙashin sautin, ya zare cajar laftof ya saurara. Idan ƙugin ya ɗauke, to layin ƙasa ne ya yi zobe tsakanin na'urorin ta hanyar soket, abin da ke yawan faruwa idan ana kan janareta ko inbata, ko kuma waya na caji daga laftof ɗin da aka haɗa ta da shi. Ya fara da mayar da komai kan soket ɗaya, ya ba wayar cajarta daban. Idan bai bari ba, akwai ɗan ƙaramin abu mai taransifoma biyu a ciki da ake sakawa a tsakiyar kebul ɗin sauti don yanke wannan zoben, masu sayar da kayan sautin mota sun fi ajiye shi.